Kolestarol na shafawa: yadda ake zaɓarsa da yadda ake amfani da shi a gashi da fata

Ranar da na kai wa gwaggona robar man gashi, sai ta miƙa wa jikarta ta ce ta karanta mata abin da aka rubuta a jiki. Da jin an ce kolestarol, ta turo mini robar da bayan hannu. "Ke 'yar nan, likita ya hana ni ƙwai da kayan ciki saboda abin nan, ke kuma kin kwaso mini shi roba guda in lafta a kaina?" Na yi ta bayani, ta ce ta ji, amma da na tashi tafiya na tarar an sa mini robar a cikin jakata.

Ba ita kaɗai ke da wannan tsoron ba, don haka bari in fara kawar da shi. Kolestarol ɗin da likita ke aunawa yana yawo ne cikin jini, kuma hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Wanda ake shafawa a fata ko gashi iyakarsa saman jiki, ba ya ƙara wa na jini komai. Hasali ma fatarki da kanta take ƙera nata, tun kafin ki san akwai man shafawa a duniya.

Mene ne shi, kuma me yake yi a fata?

Wani nau'in maiƙo ne mai tauri, fari, kamar kakin zuma, daga dangin da masana ke kira sitirol. A cikin tsakuwar matsarmama aka fara gano shi a ƙasar Faransa, kuma a 1815 wani masanin sinadarai, Michel Chevreul, ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwan matsarmama da abu mai tauri.

Ki ɗauki saman fatarki a matsayin katangar ƙasa. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu kuma shi ne lakar da ta riƙe su. Lakar nan haɗin abu uku ce: seramaid, wanda ya kai kusan rabi, kolestarol kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai asid na kitse da ya ɗauki mafi yawan abin da ya rage. Muddin lakar na nan daram, ruwan jiki ba ya tsiyayewa, ƙura da sabulu ba sa kutsawa. Idan ta zaizaye, sai kaushi, sai ƙaiƙayi, sai fata ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka. Mu da hunturu ke sauko wa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da laimar iska a Kano ko Damagaram kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, mun san wannan ba sai an kwatanta mana ba.

Akwai wani abu da aka gano a shekarun 1990 a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, a ɗakin binciken Peter Elias da abokan aikinsa, wanda shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Sun lalata wannan katanga da gangan, suka riƙa shafa maiƙon suna auna saurin warkewa. Da suka shafa guda ɗaya ko biyu daga cikin ukun nan, warkewar ta ƙara jinkiri. Da suka haɗa ukun, ta tafi daidai. Da suka ninka ɗaya daga ciki sau uku, wato uku da ɗaya da ɗaya, ta ƙara sauri. A fatar tsofaffi kuwa, haɗin da kolestarol ya fi yawa shi ya fi aiki, domin shi ne fata ke fara gazawa wajen ƙerawa idan shekaru sun ja. Kin ga ashe gwaggona ta fi ni bukatarsa.

Kada kuma ki ɗauka sitirol da sitiroid ɗin man bilicin abu ɗaya ne. Sunayen sun yi kama, kuma a ilimin sinadarai dangi ne, amma aikinsu ya sha bamban. Sitiroid shi ne irin su clobetasol da betamethasone da ake zubawa a man bilicin, masu sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsage cinya. Ɗaya daga cikin ɓarnarsu ma ita ce hana fata ƙera wannan laka da muke magana a kai.

Mataki na 1: ki tabbatar kina bukatarsa

Wadda gashinta ya sha rilaksa, ko rini, ko ƙarfen miƙar da gashi, ita ce ta farko a layi. Rilaksa mai ƙarfi dangin sodar da ake sabulu da ita ce, kuma tana kwashe maiƙon da ke lulluɓe da silin gashi har da wanda ke manne ɓawonsa. Alamar ita ce gashi ya yi gautsi, ya riƙa ƙara idan kin murza shi, ki tsefe ki ga guntaye a kafaɗarki. A fata kuwa, alamar ita ce ki fito daga wanka ki ji fuska ta ɗaure, ƙwauri ya yi fari, man da kika saba shafawa ya fara yi miki zafi.

Idan fuskarki mai maiƙo ce kuma mai yawan ƙuraje, ki bar masu kauri ga ƙafa da gwiwar hannu. Idan gashinki siriri ne mai laushi da bai taɓa ganin rilaksa ba, sau ɗaya a wata ma ya ishe ki.

Mataki na 2: ki juya robar ki karanta bayanta

A nan ake cin kasuwar mutane. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a gaba talla ne. Gaskiyar tana baya, a jerin kayan haɗi da aka rubuta ƙanana. Ƙa'idar ita ce ana jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a sauko kan waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Don haka idan kin ga kalmar Cholesterol can ƙarshe, kusa da turare da kala, ki sani ɗan taɓawa aka yi. Yawancin robobin da ake sitimin da su a shagunan gyaran gashi haka suke: ruwa ne a gaba, sai Cetyl Alcohol ko Stearyl Alcohol, sai mai, kolestarol ɗin yana biye daga baya. Wannan bai sa sun zama marasa amfani ba. Suna sa laushi sosai kuma kuɗinsu da sauƙi. Kawai dai ki san abin da kika saya. Kalmar Alcohol ɗin nan ma kada ta firgita ki, waɗannan biyun maiƙo ne mai kama da kaki, ba barasa ba ce kuma ba sa busar da gashi.

Sunayen da za ki nema su ne Cholesterol, Lanolin, Lanolin Alcohol, sai na tsirrai: Phytosterols, Beta-Sitosterol, ko Glycine Soja Sterols wanda ake samu daga waken suya. Idan na fata ne, ki duba ko akwai Ceramide a tare, saboda abin da na faɗa a sama. CeraVe, misali, yana da seramaid da kolestarol a haɗe. SkinCeuticals na da wani da suka rubuta wa 2:4:2, wato kashi 2 seramaid, kashi 4 kolestarol, kashi 2 asid na kitse, an yi shi ne don fatar da ta manyanta, sai dai tsadarsa ba ta kowa ba ce. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma guji wanda aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, ko da mai shagon ta rantse miki daga Dubai ya zo.

Ana yawan tambayata daga ina ake samo shi. Mafi yawan wanda ke cikin kayan shafa daga lanolin ne, wato maiƙon da ake wankewa daga ulun tumaki bayan an yi musu aski, ba tare da an yanka su ba. Tumakinmu na nan, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su ba ulu ba, shi ya sa kayan ke zuwa daga ulun ƙasashe irin su Ostareliya da New Zealand. Ana iya samo shi daga wasu sassan dabba, kuma robar ba kullum take faɗa ba. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta ɗauki na tsirrai ta huta.

Mataki na 3: gwaji kafin ki lafta

Ki shafa ɗan kaɗan a cikin damtsenki, wuri guda, safe da yamma, har mako ɗaya. Na san ba wanda ke son jira, amma lanolin yana cikin abubuwan da jikin wasu ke ƙi, musamman masu tsohon ciwon fata ko gyambo. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ƙaiƙayi ta ware shi a matsayin abin lura na shekarar. Idan wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya fito da ƙananan ƙuraje, ki wanke ki ba wata.

Mataki na 4: gashi

Ki ware awa ɗaya da rabi, ranar da ba ki da fita. Ki tanadi sabulun wanke gashi, robar man, mataji mai manyan haƙora, hular leda, tawul biyu, da abin ɗaure gashi guda huɗu.

Ki fara tsefe kitson a hankali, ki warware duk inda ya cukurkuɗe da yatsu tun gashin yana bushe. Wadda ta zuba ruwa a kan cukurkuɗaɗɗen gashi ta ɗaure shi ne da hannunta. Sai ki wanke da ruwa mai ɗumi, ki fi mai da hankali kan fatar kai, domin a nan dattin yake. Idan ranar kika sa rilaksa, dole ki fara wankewa da sabulun da ke kashe ƙarfinta, sau biyu ko uku, har kumfar ta daina canza kala idan mai nuna kala ce. Shafa mai a kan ragowar rilaksa rufe wuta ne da zane.

Bayan wanka ki matse ruwan da tawul, matsewa ba gurzawa ba. Ana son gashin da laima amma ba ya ɗiga. Idan yana ɗiga, man zai zame ya bi wuyanki. Ki raba shi gida huɗu ki ɗaure.

Ki kwance gida ɗaya, ki lakato man kamar girman goro ɗaya, ki murza a tafin hannu, ki fara daga jelar gashin ki yi sama. Jelar ce ta fi tsufa, ita ta fi shan wahala, ita ce kuma ke karyewa. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka jelar gashin da ya kai kafaɗa ta shekara biyu ko fiye tana shan rana da mataji. Ki tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya kafin fatar kai. Abin da ya sa na dage kan wannan shi ne, man mai kauri ne, idan ya zauna a fatar kai sai ya haɗu da gumi da ƙura a ƙarƙashin ɗankwali, mai amosani kuma ta ga ya ƙaru. Ki bi da mataji daga ƙasa zuwa sama har ya wuce ba tare da ya maƙale ba, ki murɗe ki ɗaure, ki koma na gaba.

Sai hular leda. Zafi ne ke sa man ya narke ya bazu ko'ina, don haka idan akwai wuta ki zauna ƙarƙashin diraya minti 15 zuwa 20 a matsakaicin zafi. Idan babu, kuma yawanci babu, ki tsoma tawul a ruwan zafi, ki matse shi sosai, ki naɗa a kan hular, idan ya huce ki sake. Ko ki ɗaura ɗankwali mai kauri a kai ki shiga kicin ki yi girkinki, minti 40 zafin kanki da na murhu sun isa. Kwana da shi ba ya ƙara komai sai wari da ƙaiƙayi.

Ɗaurayewa ita ce inda mutane ke yin ha'inci. Ki yi ta zuba ruwa mai ɗan ɗumi har sai kin ji gashin yana da santsi amma ba ya manne wa yatsa, sannan ki rufe da ruwan sanyi. Idan ya bushe kika ga ya kwanta luƙus yana maiƙo, ko kin zuba da yawa ko ba ki ɗauraye ba. Tun yana da sauran laima ki shafa ɗan man kaɗanya ko man kwakwa a jela, ki bar shi ya bushe sarai kafin a yi kitso.

Mai rilaksa ko rini ta yi haka sau ɗaya a mako ko mako biyu. Kuma ta bar aƙalla mako takwas tsakanin rilaksa da rilaksa, a sa wa sabon tsiro kaɗai. Ba wani kolestarol da zai ceci gashin da ake ƙonawa duk wata.

Game da haɗin ƙwai da ake ta yaɗawa: gaskiya ne gwaiduwa ɗaya na ɗauke da kolestarol kusan miligiram 185, kuma man shanun da matan Fulani suka daɗe suna shafawa a ka shi ma yana da nasa, sama da miligiram 200 a giram 100. Sai dai na taɓa fasa ƙwai biyu a cikin man, na sa hula, na ɗauraye da ruwan zafi saboda sanyin Janairu. Ƙwan ya dahu a kaina. Ni da ƙanwata muka yi la'asar zuwa magariba muna tsince farin ƙwai sili-sili, ƙarnin kuwa ya kwana uku. Idan za ki yi, gwaiduwa kaɗai, ruwan sanyi kaɗai, ba diraya.

Mataki na 5: fata

Kafin ki sayi komai, ki rage abin da ke rushe katangar. Ruwa mai tsananin zafi, soso mai kaushi, sabulu mai yawan soda, da dilka ko gurza jiki kullum, duk suna kwashe lakar da sauri fiye da yadda fata ke mayarwa. A hunturu ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki taƙaita shi, ki sa sabulu a inda ke tara gumi kawai.

Da kin fito, ki ɗan dadanna jiki da tawul, ki shafa man cikin 'yan mintuna, fata na da sauran laima. Maiƙo ba ya kawo ruwa, riƙe wanda ya tarar yake yi. A fuska kamar ƙwayar gyaɗa ta isa, safe da dare. Idan kina amfani da maganin ƙurajen fuska mai sa saɓa, ki fara sa shi, ya bushe, sannan man ya biyo. Da rana, man kariya daga rana shi ne na ƙarshe.

Basilin yana da nasa gurbin. Shi rufi ne, yana tare ruwa nan take amma ba ya cikin kayan da fata ke ƙera lakar da su. Mai seramaid da kolestarol kuwa yana shiga ne a hankali. Shi ya sa a ƙwauri da gwiwa da dunduniya nake haɗa su: mai kolestarol a ƙasa, basilin siriri a sama. Ki ba shi mako biyu zuwa huɗu kafin ki yanke hukunci.

Haɗin gida, ga mai so

Garin kolestarol zalla sai zafi ya kusa digiri 150 a ma'aunin Salsiyas yake narkewa, don haka ba abin wasa a kicin ba ne, kuma mun ga shi kaɗai ba ya aiki. Abin da ke yiwuwa a gida shi ne haɗin man kaɗanya, wanda ke da sitirol na tsirrai da asid na kitse, da lanolin idan kin samu a kyamis. Giram 60 na man kaɗanya, giram 20 na lanolin, giram 20 na man riɗi ko man zaitun. Ki zuba su a kwanon ƙarfe, ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya taɓa wuta kai tsaye. Da sun narke ki sauke, ki yi ta juyawa har ya fara kama jiki, ki juye a busasshiyar kwalba mai murfi. Kada ɗigon ruwa ya shiga, kada kuma ki ƙara ruwan alobera ko madara, domin duk haɗin da ruwa ya shiga ba tare da sinadarin hana ruɓewa ba, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin cuta sun kafa gida. Ki ajiye a inuwa, idan warinsa ya canza ki zubar. Wannan na jiki ne da jelar gashi, ba na fuska ba.

Ga mai faso, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 da dare, ki goge da dutse a hankali ba har jini ba, ki shafa haɗin nan da kauri, ki sa safa ki kwanta. Mai ciwon suga kuma kada ta gurza ƙafarta da komai, ta nuna wa likita duk tsagewar da ta gani.

Inda ba zai kai ki ba

Ba ya tsirar da gashi. Abin da yake yi shi ne rage karyewa, sai tsawon da kike samu ya zauna, mutane su ce gashin ya fito. Jelar da ta riga ta tsage biyu maganinta almakashi. Gaban goshin da ya cinye saboda matsattsen kitso da nauyin ƙarin gashi, maganinsa a sassauta hannu tun da wuri, domin idan tushen ya mutu ba ya dawowa. Ba ya sa haske kuma ba ya sa baƙi.

Idan kan yaro ya yi tabo mai zagaye, gashin wurin ya kakkarye yana saɓa, wannan makero ne, kuma maganin sha yake bukata daga asibiti, shafa mai sai dai ya ɓoye shi ya ci gaba da yaɗuwa ta mataji da hula. Haka fatar da ke tsattsafo da ruwa, ko ƙaiƙayin da ke hana barci, ko gashin da ke zuba damtse-damtse daga tushe ba tare da haihuwa ko jinya ta gabata ba. Wadda kuma ta daɗe tana shafa man bilicin mai sitiroid, kada ta yanke shi rana ɗaya ta koma wannan, domin fatar kan yi bore ta yi ja ta yi zafi. Likitan fata zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa mako bayan mako, man kolestarol ɗin ya zama abin shafawa a tsakani.